Yadda Ake Zaɓe da Sanya Barimar Hanci Mai Murɗi

Barimar hanci iri-iri ce. Akwai mai miƙaƙƙiyar ƙafa da ɗan ƙulli a ƙarshe, akwai mai siffar harafin L, sannan akwai mai murɗi, wadda ƙafarta ke miƙewa kaɗan kafin ta naɗe rabin da'ira. Wannan ta ƙarshe na fi yaba wa mace mai hidima, domin naɗin yana kwanciya a bangon hanci ta ciki ya riƙe barimar gam. Ki shaƙa ruwan alwala ki fyace, hijabi ya goge ta, tana nan. Wahalarta a wurin sanyawa take.

Kafin komai, ki bari hujin ya warke. Hujin hanci kan ɗauki wata 4 zuwa 6, kuma waje yana riga ciki warkewa. Muddin wurin na ɓawo, ko ja, ko zafi in kin taɓa, kada ki canza barimar da aka huda miki da ita, ko da biki ya matso.

Wajen saye, ƙarfen za ki fara dubawa kafin ƙyallin dutsen. Titaniyam shi ya fi lafiya ga fata, sai gwal mai karat 14 ko 18. Gwal mai karat 21 ko 22 da ake kawowa daga Dubai da Saudiyya yana da kyau, amma yana da laushi, siririyar ƙafa irin wannan tana saurin lanƙwashewa. Abin da nake roƙonki ki guje wa shi ne mai ruwan gwal na araha. Ruwan yana goguwa, ƙarfen da ke ƙasa kuma sau da yawa yana da sinadarin nikel, wanda ke jawo wa mata da dama ƙaiƙayi da kumburi. Azurfa ma takan yi baƙi, har ta bar tabo mai duhu a hujin da bai gama warkewa ba.

Sai kauri. Yawanci geji 20 ake sawa, wato milimita 0.8, ko geji 18, wato milimita 1. Lamba na raguwa, kauri na ƙaruwa. Ki sayi daidai da wadda ke hancinki. Miƙaƙƙen ɓangaren ƙafar kuwa milimita 6 zuwa 7 ya ishi yawancin mutane. In ya gajarta, kan barimar zai nutse cikin fata. In ya yi tsawo, wutsiyar barimar, wato naɗin, za ta riƙa leƙowa ta ƙofar hanci. Ki kuma tambayi mai sayarwa ta dama ce ko ta hagu, domin naɗin kowane gefe daban ake yinsa.

Ranar sanyawa, ki wanke hannu da sabulu, ki wanke barimar, ki goge hujin ciki da waje da ruwan gishirin da ake sayarwa a kantin magani. Ki tsaya gaban madubi inda haske yake, nesa da magudanar ruwa, don ƙaramin abu ne mai saurin suɓucewa. Ki ciro tsohuwar a hankali, kuma sabuwar ta kasance a hannu, saboda hujin hanci yana iya fara tsukewa cikin ɗan lokaci.

Ki jiƙa bakin wutsiyar, ki ɗora shi a kan hujin daga waje, ki sa yatsan ɗaya hannun a cikin hanci don ki ji isowarsa. Nan ne ake kuskure: ba turawa ake yi kai tsaye ba. Juyawa ake yi sannu-sannu ana bin naɗin, kamar yadda ake zura makulli a zobensa. Idan naɗin ya gama shiga, sai ki danna miƙaƙƙen ɓangaren har kan barimar ya zauna a fata, ki gyara wutsiyar ta kwanta ta kalli sama ko baya. In kin ji ta cije, ki dakata, ki ɗan ja baya, ki sake jiƙawa, ki gyara karkatar hannunki. Hawaye kaɗan ba komai ba ne. Jini da raɗaɗi kuwa alama ce an yaga hanyar, kuma irin wannan rauni ne ke haifar da ƙurjin da ke tsirowa gefen huji. Cirewa ma haka take: ki jawo kan har ƙafar ta fito, sannan ki juya ta akasin yadda ta shiga.

Bayan haka ki riƙa gogewa da ruwan gishirin, ki nisanta sifirit da man shafawa da hoda daga wurin na 'yan kwanaki, ki kula da zaren tawul da niƙabi. Idan kika ga mugunya, ko kumburi mai zafi yana yaɗuwa, ko zazzaɓi ya biyo baya, kada ki zare barimar da kanki, don hujin na iya rufewa da ciwon a ciki. Ki je asibiti a ranar.