Amsoshin Tambayoyinku: Jinyar ƙwaƙwalwa da lantarki azaba ce?

Wata ɗalibar aikin jinya daga Samaru, Zariya, ta ce za a kai su kallon jinyar ƙwaƙwalwa da lantarki karon farko, kuma gabanta na faɗuwa. Tana tambaya, shin ba azabtarwa ba ce?

Malama, magani ne, muddin an bi ƙa'ida. Likitoci biyu, Ugo Cerletti da Lucio Bini, suka fara shi a birnin Rum a 1938, lokacin ana yi wa majinyaci ido biyu, har ƙashi kan karye. Tsoron da mutane ke ji daga can ya samo asali. Yau sai an sa majinyaci barci, an yi masa allurar sassauta tsokoki, an sa masa roba tsakanin haƙora. Abin da za ki gani bai wuce ɗan motsin yatsun ƙafa ba, yawanci na ƙasa da minti ɗaya. Masu cewa yana kawo mantuwa suna da gaskiya, amma galibi takan ragu cikin makonni. A ɗora wannan a sikeli da halin maijegon da ciwon damuwa ya hana ta ci da sha, ƙwayoyi kuma sun gaza. Jiran makonni kafin wani magani ya yi aiki na iya cin ranta.

Idan kin shiga, ki duba ko an nemi yardar majinyaci, kuma ki tsaya kusa da shi sa'ad da zai farfaɗo.