Amsoshin Tambayoyinku: Kunkurun Teku a Ajin Ngawundere

Wani malamin firamare daga Ngawundere ya aiko da tambaya: mene ne amfanin koyar da yaranmu kare kunkurun teku alhali ba mu da teku?

To Malam, mun gode. Kamaru tana da kunkurun teku. A gaɓar Ebodje, kudu da Kribi, macen kunkuru kan fito da dare ta haƙa rami a yashi, ta zuba ƙwai kusan 100, ta binne. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe su ruga cikin ruwa, kuma kaɗan ne ke kai girma. A 2021 gwamnati ta ware yankin tekun Manyange na Elombo-Campo domin kare su.

Alaƙarku da su ta ruwa ce. Kogin Binuwai yana tasowa daga tsaunukan Adamawa, ya ratsa Garwa, ya haɗu da kogin Kwara a Lokoja, ya faɗa tekun Atlantika. Ledar da ta faɗa kogin tana iya bin wannan hanya, kunkuru ya haɗiye ta a zaton abinci, ta toshe masa hanji.

Ku fara da abin da yara suka sani: kififiyar kogi da kunkurun daji. Ku sa su tsince leda a harabar makaranta ranar 16 ga Yuni, ranar kunkurun teku ta duniya. Makarantar nazarin namun daji ta Garwa, wadda aka buɗe a 1970, tana da masanan da za ku iya tuntuɓa.