Sababbin Kwamfutoci a Ofisoshin Hakimai: Batun Tafintan Intanet

Sabuwar kwamfuta ba ta aikin kome sai an zuba mata babbar manhajar da ke tafiyad da ita, kamar Windows. In guda ɗaya ce, mai gyara yakan zauna ya amsa tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya. In kuwa ashirin aka kawo, sai a rubuta amsoshin duka cikin wani ɗan fayil mai suna autounattend.xml, a sa shi a filashi, kowace na'ura ta karanta ta shirya kanta ba da hannun kowa ba. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma akwai wurin da takan yi tuntuɓe, ya kuwa kamata hakimai da malamansu su san shi.

Cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan ƙarfe mai haɗa ta da intanet, ko ta waya ko ta iska. Windows ba ta iya magana da shi sai ta bakin wata ƙaramar manhaja da ake ce wa direba. Kada sunan ya ruɗe ku, aikinsa aikin tafinta ne. Kowane irin ƙarfe da nasa tafintan: na Intel dabam, na Realtek dabam. Idan na'urar ta fi Windows ɗin da ke cikin filashi sabunta, mai yiwuwa ne ba a sami tafintanta a ciki ba. Tafinta yana intanet, intanet kuwa ba ta samuwa sai da shi. Watau an kulle ɗaki, mabuɗi na ciki. Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana neman intanet tun wajen shirin farko, saboda haka nan take aikin ke tsayawa. Komawa ga Windows 10 kuma ba magani ba ne, gama Microsoft ta rufe kulawar da ta saba yi mata ran 14 ga Oktoba 2025.

To, ga inda har gwanaye kan yi kure. Filashin nan manhaja biyu yake ɗauke da su. Ta farko ƙarama ce, sunanta Windows PE, tana cikin fayil ɗin boot.wim, ita ce ke tā da na'ura ta share fili. Ta biyu ita ce babbar, tana cikin install.wim, ita ce za ta zauna. Mai gyara yakan cusa direba cikin ta farko da kayan aikin da ake kira DISM, ya ga aiki ya tafi sumul, ya ɗauka an gama. Sai na'ura ta sake tashi da babbar manhaja, a tarar ba intanet, domin tafintan da aka ba ɗan aike bai bi maigida ba. Lalle ne a sa shi cikin duka biyun. Kuma fayil mai ƙarewa da .inf ake bukata. Mai ƙarewa da.exe sai an warware shi tukuna.

Mai sayen na'ura a kasuwar Farm Centre ko a kantunan Gyadi-Gyadi ya lura ko duka iri ɗaya ne, gama direban wannan ba lalle ya yi wa waccan ba, ko da sunan kamfani ɗaya ne a jikinsu. HP da Dell da Lenovo duk suna ajiye direbobin kowane samfuri a dunƙule a shafukansu. Daga can kaɗai za a ɗauko. Shafin da ba a san mai shi ba yana iya haɗo muku da cutar kwamfuta, alhali na'urar nan ita za ta riƙe takardun filaye da na gādo na talakawan Tarauni. Idan kuma akwai na'ura ɗaya irinsu da ke aiki sosai, ana iya kwafe direbobinta duka da umurnin pnputil.

Ba a ce malamin hakimi ya zama injiniya ba. Abin da ke wuyansa shi ne kada ya sa hannu a takardar karɓa sai an kunna kowace na'ura a gabansa ta buɗe shafin intanet, ta waya da ta iska. Sa'an nan ya karɓi filashin, ya rubuta samfurin na'urorin da ranar aiki a littafin ofis, ya kulle shi cikin akwatin da ake ajiye hatimi.