Abin Da Ya Sa Wasu Wuƙaƙen Zamani Ba Sa Jin Dutsen Ruwa

Makulli ba ya cika karce gilashin waya, amma ƙwayar yashi ɗaya a aljihu tana iya yi masa zane. Dalili shi ne, abu ba ya yankar wanda ya fi shi tauri. Wannan ƙa'idar ce ke aiki wajen wasa wuƙa.

Wuƙaƙe masu tsada da ake tallatawa a intanet sukan zo da rubutu kamar S30V, S90V ko M390 a jikinsu. Sunayen ƙarafa ne. S30V, wanda kamfanin Crucible na Amurka ya ƙirƙira, yana da sinadarin banadiyam kashi 4 cikin 100, S90V kuma kashi 9. Banadiyam yana haɗuwa da kabon ya samar da ƙananan ƙwayoyi masu tsananin tauri a cikin ƙarfen, kamar tsakuwa a cikin siminti. Su ne ke hana wuƙar dakushewa da wuri, su ne kuma ke wahalar da mai wasa ta.

Yawancin duwatsun ruwa na Japan, irin su King, da alminiyam oksayid ake yin su, kuma ƙwayoyin banadiyam sun fi shi tauri. A dutse mai kaushi, kamar lamba 400, ba a cika ganin matsalar ba, domin yana kwashe ƙarfen tare da ƙwayoyin gaba ɗaya. A dutse mai laushi ne abin ke bayyana: yana cin ƙarfen da ke kewaye, ya kasa yanka ƙwayoyin. Sai mutum ya ɓata lokaci, dutsen ya lotsa a tsakiya, kaifin kuma bai kai yadda ake so ba.

Farantin lu'ulu'u, kamar DMT ko Atoma, yana yanka komai, kuma ba ya lotsawa. Har da shi ake daidaita dutsen ruwa. Sai dai ba ya son dannawa. Ƙwayoyin lu'ulu'un a saman faranti kawai aka manna su, idan aka matsa da ƙarfi sai su fita, kuɗin ya tafi.

Ga wuƙar kicin ta yau da kullum, sayen lu'ulu'u ba dole ba ne, dutsen ruwa lamba 1000 ya wadatar, yana ma barin baki mai santsi. Amma wanda ƙarfen wuƙarsa ke da banadiyam kashi 4 ko fiye, gara ya nemi lu'ulu'u lamba 400 da 1200, ya riƙe wuƙar a karkace daraja 15 zuwa 20, da hannu sako-sako.