Darasi na Tara: Shago a Cikin Waya

Kasuwar Wunti tana cikin birnin Bauchi. Telan da ya buɗe shafin intanet domin tallata ɗinkinsa, sai ya tuna cewa yawancin masu saye da wayar hannu suke dubawa. Idan hotuna sun yi nauyi, shafin yakan daɗe bai buɗe ba. Data takan ƙare, ciniki ya kuɓuce. Saboda haka ya kamata ya rage nauyin hotuna, ya ƙara girman rubutu, ya sa farashi da lambar waya a sama. Sannan ya gwada shafin a wayarsa, domin gani ya kori ji.

Tambayoyi
1. A ina Kasuwar Wunti take?
2. Me yakan sa ciniki ya kuɓuce?