Ina Littattafan Matanmu Suke a Kanta?

Duk ɗalibin da ya taɓa ɗaukar littafi a laburare ya ga 'yar takardar nan da ake liƙawa a gefensa, mai haruffa da lambobi. Yawancinmu ba ma kula ta sai in muna neman inda za mu mayar da shi. Amma fa wannan lambar hukunci ce. Wani ne ya zauna ya duba littafin, ya yanke cewa wannan tarihi ne, wancan adabi ne, wannan kuma bai ma isa a ba shi wuri ba. Ni da nake da burin yin aikin laburare, wannan nauyin ne ya fi tsaya mini a rai, kuma a wurin mata na fara gane girmansa.

Bari mu fara da nesa, sannan mu dawo gida. A 1930 Jami'ar Howard da ke Washington a Amurka ta ɗora wa wata baƙar fata, Dorothy Porter, aikin tsara littattafan da suka shafi baƙaƙen fata. Da ta zagaya laburare-laburare sai ta tarar da cewa masu amfani da tsarin Dewey lamba biyu kacal suke jefa irin waɗannan littattafai a ciki: 326, wato bauta, ko 325, wato mulkin mallaka. Ko da littafin waƙoƙi ne, in dai baƙar fata ne ya rubuta, can ake tura shi. Sai ta ƙi bin wannan. Ta mayar da mawaƙi cikin mawaƙa, masanin tattalin arziki cikin 'yan uwansa, mai kiɗa wajen masu kiɗa. Ta shekara arba'in da uku a kan wannan aiki, har ta yi ritaya a 1973, shekarar da Felicia Adetowun Ogunsheye ta zama farfesa a Jami'ar Ibadan. Ita ce mace ta farko da ta kai wannan matsayi a Najeriya, kuma a fannin laburare ta kai shi. Ga amsa nan ga masu cewa aikinmu kaɗe ƙura ne kawai.

To, mu namu ciwon ya ɗan bambanta da na Porter. Lamba kam muna da ita: a tsarin Dewey adabin Hausa yana 893.72, a tsarin Laburaren Majalisar Amurka kuma, wanda manyan makarantun ƙasar nan da dama ke bi, yana PL8234. Ka je wannan kantar a duk laburaren da ka samu ka ƙirga mata nawa ne a kai. Tun 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana yarinya ƙarama, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sai Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta biyo da Allura Cikin Ruwa. Bayansu mata da dama suka cika kasuwannin Kano da littattafai. Yayyenmu sun karanta su a ɗaka, sun yi hayarsu a shago, sun saurare su a rediyo. Amma aka yi musu laƙabi da adabin kasuwar Kano, wasu da raini suke faɗa, kuma littafin da aka raina ba a cika sa shi cikin kasafin sayen littattafai ba. Abin kunyar shi ne, a 2012 wani kamfani a Chennai ta ƙasar Indiya, Blaft, ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Ingilishi, aikin Aliyu Kamal. Mutumin Indiya ya ga darajar abin da muke yaga shafinsa muna ƙunshe ƙosai.

Me ke faruwa in an samu mai ajiya? Dubi Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa 'Yan Taru, inda jajis ke ɗaukar waƙoƙinta suna kai wa matan ƙauyuka. In ka lura, wannan laburaren tafi-da-gidanka ne tun kafin a san sunan. Rubutunta bai iso gare mu don ya fi ƙarfin gara ba. Zuriyar mijinta Waziri Giɗaɗo ce ta riƙe takardun a Sakkwato, har zuwa kan Waziri Junaidu, kuma da taimakon wannan taska Jean Boyd da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukanta a 1997. Hannu da hannu aka yi ta miƙa amanar sama da shekara ɗari.

Na san abin da wasu za su ce: ai wasu littattafan soyayyar ba su dace da yara ba. Gaskiya ne, akwai na banza a ciki, kamar yadda ake da su a kowane harshe. Wannan damuwar ce ta kai ga ƙona littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata a jihar Kano a 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Damuwar iyaye tana da gurbi, amma ma'aikacin laburare yana da kayan aikin da ya fi ashana. Yana iya ware kantar yara da ta manya, yana iya ajiye wani littafin a ɗakin bincike inda sai mai nazari zai taɓa shi. Abin da ba shi da hurumin yi shi ne ya sa ɗanɗanonsa ya zama ma'aunin abin da jikokinmu za su sani game da auren dole da kishi da sakin wawa a zamaninmu.

Yanzu ga darasin a aikace, don ko ba fanninka ba ne za ka iya. Yawancin waɗannan littattafai marubutan ne suka buga da kuɗinsu, don haka sau da yawa babu shekara, babu lambar ISBN, kuma labari ɗaya kan zo kashi biyu ko uku. In ɗaya ya faɗo hannunka, rubuta sunan marubuciya daidai yadda yake a bango, ko da laƙabi ne irin su Anti wance ko Maman wane, sannan ka ƙara cikakken suna in ka tabbatar. Rubuta maɗaba'a da garin da take, da yawan shafuka, da ko na ɗaya ne ko na biyu. In babu shekara, kar ka ƙirƙira. Duba shafin godiya, da tallan littattafai masu fitowa a baya, da farashin da aka buga, su za su ba ka kintace, kuma ka nuna cewa kintace ne. Ɗauki hoton bango gaba da baya. Kar ka raba kashi na ɗaya da na biyu, don rabin labari rabin amfani ne. In kuma ka san marubuciya, tuna mata cewa dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi uku. Ba tara ba ce, hanyar da littafin zai rayu bayanta ce.

Na waya sun fi ban tsoro. Marubutan yanzu da yawa a WhatsApp da Wattpad suke sakin labari shafi-shafi, kuma mun ga yadda OkadaBooks ta rufe a 2023. Waya ta faɗa ruwa, littafi ya tafi. Wanda zai adana irin wannan sai ya fara neman izinin mai shi, ya rubuta ranar da ya sauke, ya ajiye a wuri fiye da ɗaya.

Na takardar kuwa ba su yi nisa ba. Daga Achilafiya zuwa Roni da Gwiwa da Babura, suna nan cikin akwatunan yayye da ƙasan katifu da tsofaffin shagunan haya. Hutun nan mai zuwa, kowa ya tambayi gidansu, ya rubuto sunayen da ya samu a kan takarda ɗaya, mu haɗa su wuri guda mu kai wa ma'aikatan laburaren makarantarmu a nan Kazaure, su duba waɗanne suke da su, waɗanne kuma babu.