Amanar 'Ya'yanmu Mata: Darasi Daga Ƙungiyar Girl Guides ta Birtaniya

Darasinmu na wannan wata ya shafi iyaye, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan mata, da duk wanda aka taɓa danƙa wa ɗiyar wani domin ya kai ta taro ya komo da ita lafiya. Za mu ɗauko misalinmu daga ƙasar Birtaniya, inda aka yi shekara takwas ana jayayya tsakanin waɗansu iyaye da babbar ƙungiyar 'yan mata ta ƙasar. Ƙasar tana da nisa, amma ƙungiyar ba baƙuwa ba ce a gare mu, gama tun 1919 aka kafa irinta a Najeriya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

A shekara ta 1909 Robert Baden-Powell ya tara 'yan sikawut a Crystal Palace da ke Landan, sai ga waɗansu 'yan mata sun zo suna cewa su ma 'yan sikawut ne. A 1910 aka kafa musu ƙungiya tasu, ƙarƙashin ƙanwarsa Agnes. Tun daga ran nan abin da aka alkawarta wa iyaye shi ne wuri na 'yan mata zalla, inda za su koyi aikin hannu, da taimakon jama'a, da dogara ga kai. Ƙungiyar, wadda ake kira Girlguiding a can, tana ɗaukar yara daga shekara 4 zuwa 18. Masu lura da su 'yan sa kai ne, ana taro mako-mako, sa'an nan loto-loto akan fita zango a kwana cikin tanti ko cikin babban ɗaki.

A farkon 2017 ƙungiyar ta fitar da sabuwar ƙa'ida game da jinsi. Bisa ga ƙa'idar, yaron da aka haifa namiji amma yana ɗaukar kansa mace yana iya shiga, haka kuma babba mai irin wannan hali yana iya zama shugaba. Suna iya yin amfani da ɗakin kwana da makewayi na mata. Amma abin da ya fi tayar wa iyaye hankali shi ne wani sashe da ya nuna cewa ba lalle ne a sanar da iyayen sauran yara ba idan irin wannan mutum zai kwana a zangon tare da 'ya'yansu. A watan Afrilu na 2018 mutum fiye da 200, iyaye da shugabanni na dā da na lokacin, suka sa hannu a wata wasiƙa da jaridar Sunday Times ta buga, suna roƙo a sāke duba al'amarin. A watan Satumba na shekaran nan aka sallami shugabanni mata biyu daga cikin masu ƙorafin, ƙungiyar ta ce sun ƙi bin ƙa'idarta. Ɗaya daga cikinsu ta kai ƙara, aka sasanta a 2022.

Ba a kashe maganar ba sai da shari'a ta shiga. Ran 16 ga Afrilu 2025 Kotun Ƙoli ta Birtaniya, a wata ƙara dabam da wata ƙungiyar mata ta Sukotlan ta kawo, ta yanke cewa kalmar mace a cikin dokar daidaito ta 2010 tana nufin jinsin da aka haifi mutum da shi. A watan Disamba na 2025 Girlguiding ta ba da sanarwa cewa ba za ta ƙara ɗaukar sababbin yara ba sai waɗanda aka haifa mata.

To, ya kamata mu yi wa ƙungiyar adalci. Hujjarta ita ce, yaron da ke cikin ruɗani game da jinsinsa ba mugu ba ne, ba shi kuwa da wani hatsari fiye da sauran yara, in kuma aka tona asirinsa za a mai da shi abin ba'a. Wannan magana tana da gaskiya a ciki, Ekklesiya ma ba ta musa ba. Takardar da ofishin ilimi na Fadar Paparoma ya fitar a 2019 ta ƙi koyarwar nan mai raba jinsi da jikin da Allah ya halitta, tana dogara ga labarin halitta a surar farko ta Littafin Farawa, amma ta ce a saurari irin waɗannan yara, kada a wulakanta su, kada a bari 'yan'uwansu su tsangwame su. Irin wannan yaro shi ma ɗan wani ne, yana kuwa cikin waɗanda Ubangiji Yesu ya hana almajiransa su kora.

Inda muka ga ƙungiyar ta yi kuskure shi ne, ta ɗauka hanya biyu kaɗai ke akwai: ko a tona asirin yaro ɗaya, ko a bar iyaye ɗari cikin duhu. Ashe akwai ta uku. Ana iya faɗa wa iyaye a fili yadda aka shirya kwana da wanka, a nemi yardarsu a rubuce, a tanadi ɗaki dabam ga wanda ke bukata, ba tare da an ambaci sunan kowa ba. Uwar da ta sa hannu a takardar zango tana sa hannu ne a kan abin da ta sani. In an ɓoye mata wani ɓangare, hannun da ta sa ba yarda ba ce. Ita ma yarinya 'yar shekara goma sha biyu, wadda jikinta ya soma sākewa, tana da kunyarta, ba wanda ya isa ya ce mata kunyan nan ƙiyayya ce.

Koyarwar Ekklesiya a nan ba sabuwa ba ce. Majalisar Batikan ta Biyu, a sanarwarta ta 1965 game da ilimin Kirista, ta ce iyaye su ne malamai na fari, su ne kuma manya, ga 'ya'yansu. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, a wasiƙarsa ta 1981 game da iyali, ya ƙara da cewa koyar da yara sha'anin jiki da aure haƙƙin iyaye ne da wajibinsu, ko a gida aka yi ko a wurin da su da kansu suka zaɓa, dole a yi shi a ƙarƙashin idonsu. Makaranta da ƙungiya mataimaka ne. A 1995 majalisar Fadar Paparoma mai kula da iyali ta yi gargaɗi kada a dami ƙananan yara, daga wajen shekara biyar har zuwa balaga, da bayanin da ba su kai gare shi ba. Saboda haka uba ko uwa da suka ce a nuna musu littafin da ake koyarwa da shi ba tsegumi suke yi ba.

Amma fa kada mu tsaya nan, domin da akwai tarko. Yana da sauƙi iyaye su zuba ido ga baƙuwar koyarwa daga ƙasashen waje, su manta da ƙofar da ɓarna ta saba shiga. Mafi yawan masu lalata yara ba baƙi ba ne: mutane ne da yaran suka sani, iyayen kuma suka amince da su. A Amurka, ƙungiyar 'yan sikawut maza ta shiga fatara a 2020, mutum fiye da 80,000 suka kawo kuka cewa an ci zarafinsu suna yara. A Ingila da Wales, hukumar bincike mai zaman kanta ta bayyana a 2020 cewa tsakanin 1970 da 2015 Ekklesiyar Katolika a can ta karɓi ƙorafi fiye da 900, ta kuma same ta da fifita sunanta a kan lafiyar yaran. Magana ce mai ɗaci, amma rufe ta ba zai tsare ɗiyar kowa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa a dukan waɗannan wurare ɗaya ce: an yi abu a ɓoye, aka hana iyaye sani.

Wannan ne ya haɗa al'amuran nan biyu, wato abin da ake koya wa yarinya da wanda ke tsaron ta. Duk babban da ya ce wa yarinya kada ta faɗa a gida, ko malami ne, ko shugabar ƙungiya, ko mai sanye da farar riga, ya riga ya ketare iyaka, ko da nufinsa mai kyau ne. Ƙa'idar da ta koya wa yara cewa akwai abin da manya za su riƙe tare da su ban da iyayensu tana share wa mugu hanya, ko da mai rubuta ta bai yi nufin haka ba.

A nan kuwa akwai abin da ya rataya a wuyan gidajenmu. Kunya ado ce, amma a gidaje da yawa ta hana uwa da ɗiya yin zance a kan haila, da taɓawar da ba ta dace ba, da abin da ke shigowa ta wayar hannu da dare. Yarinyar da ba ta taɓa jin sunan abin daga bakin uwarta ko gwaggonta ba, da wane baki za ta kawo ƙara? Iyaye mata na Zumunta sun fi kowa sanin yadda za a buɗe wannan zance a hankali, ba tare da an zubar da mutunci ba.

Game da ƙungiyoyi kuwa, ƙa'idodin da aka koya ta wurin wahala ba su bukatar kuɗi. Kada babba ɗaya ya keɓe da yarinya ɗaya a bayan rufaffiyar ƙofa. A kowane taro a sami manya biyu aƙalla. Manya mata su kwana kusa da yaran amma ba a shimfiɗa ɗaya ba, maza kuwa a wani gini. A binciki halin duk wanda ya ba da kansa ga aikin yara, ko da ɗan gidan da kowa ya sani ne. Saƙon waya ya bi ta hannun iyaye. Marigayi Paparoma Francis ya kafa doka a watan Mayu na 2019 cewa kowace dayosis a duniya ta buɗe hanyar da jama'a za su riƙa kai rahoton cin zarafin yara cikin sauƙi, aka kuma tabbatar da dokar a 2023. Kafin zango na gaba, iyaye su tambayi Fada ko katekis sunan wanda aka naɗa domin wannan aiki, su rubuta shi, su kuma faɗa wa 'ya'yansu.